Daga Ina Za a Harbi Rangaji?

Duk gidan namun dajin nan babu wanda ya kai Guntu gajarta, kuma shi aka damƙa wa kiwon raƙumar dawa. Wanda ya yi wannan rabon aiki ya daɗe da barin duniya, amma har yau ma'aikata na sa masa albarka, don ya bar musu abin dariyar da ba ya tsufa. Idan Guntu ya tsaya kusa da Rangaji, sunan da shi ya raɗa mata ke nan saboda tafiyarta, hularsa ko cikinta ba ta kaiwa. Masu zuwa kallo su yi ta ɗaukar hoto suna ƙyaƙyatawa, shi kuwa ko a jikinsa. Yakan ce duk tsawon nan nata, sai ta sunkuyo kafin ta ci abin hannunsa.

Ba son dabbobi ne ya kawo shi aikin ba, neman abin sakawa a bakin salati ne. Ya yi kwandastan mota, muryarsa ta gaza. Ya yi gadin wani shago, aka sallame shi ranar da tayar wata babbar mota ta fashe a titi, ya bar shagon a buɗe ya ranta a na kare. Mutum ne mai tsoron ƙara, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Da tsintsiya ya fara a gidan namun dajin. Yana cikin shekarun sharar nan aka kawo Rangaji tana jaririya, uwarta ta mutu, ta ƙi karɓar madara a hannun kowa. Guntu ya ajiye tsintsiya ya hau tsani da kwalba, sanye da wata tsohuwar kwat ruwan ƙasa, don dai kawai tausayi ya hana shi wucewa. Ta shinshina wuyan kwat ɗin, ta tsotse shi, sannan ta kama kwalbar. Daga ranar bai koma shara ba.

Kwat ɗin nan kuwa ita ce rigimar gidansa. Matarsa, Maman 'yan biyu, shagon wanki da guga gare ta a bakin layinsu, kuma gwana ce, irin wadda ke hango tabo a rigar mutum tun daga tsallaken titi. A ƙusa take rataye kwat ɗin, waje da ƙofar kicin, don ta ce ba za ta kwana ɗaki ɗaya da ita ba.

"Ni da nake wanke daudar unguwa guda," takan ce, "a ce mijina ne zai wuce ana toshe hanci? Maigida, ka rufa min asiri ka bar ni in jiƙa ta ko sau ɗaya."

"Taɓa komai nawa, ban da wannan," shi ne amsarsa kullum. "Ruwa na shiga za ta yage."

Haka suka tsufa suna wannan ja-in-ja, har 'yan biyun suka girma suka bar gida, kwat na nan a ƙusarta.

Wata safiya Guntu ya ga Rangaji na ɗingishi. Wani guntun waya ne daga tsohon shinge ya naɗe mata ƙafar baya, sama da kofato kaɗan, ya nutse cikin nama. Kafin a ce me, wurin ya kumbura, ƙudaje sun samu wurin zama. Likitar dabbobin gidan, wata matashiya mai zafin nama wadda ba ta iya kewaye-kewaye ba, ta duba da madubin hangen nesa ta faɗa masa gaskiya. In ba a cire wayar ba ƙafar za ta ruɓe, raƙumin dawa kuwa ba ya rayuwa da ƙafa uku. Dole a sa ta barci, kuma babu hanyar yi mata allurar barci sai da bindigar allura.

Likita ta iya harbi, wannan babu musu. Matsalar ita ce Rangaji ta san ta, kuma ba sanin alheri ba. Tun wata allura da ta sha a hannunta, ko farar motarta ta hango sai ta tattara ta koma can ƙarshen fili ƙarƙashin bishiyoyi, inda babu allurar da za ta kai. Sun gwada ɓoye motar, sun gwada sauya wa Likita riga, Rangaji ta nuna musu dogon wuyan nan ba na ado ba ne.

Likita ta same shi a ɗakin ajiye abincin dabbobi yana yanka karas, ta ce, "Baba Guntu, kai za ka harbe ta."

Wuƙar ta kusa yanke masa yatsa. "Ni? 'Yata, ni da ko balan-balan aka fasa a bayana sai na nemi wurin zama?"

"Wannan ba ta ƙara. Iska ce ke tura allurar. Kuma duk duniya kai kaɗai take bari ka matso. Zo mu je bayan sito."

A bayan sito suka jingina wata tsohuwar katifa da bango, Likita ta zana da'ira da gawayi, faɗin cinyar Rangaji. Ta ɗura wa allurar gwaji ruwa, ta ɗora masa bindigar a kafaɗa, ta nuna masa madubin saiti da ɗan gicciyen da ke cikinsa. Harbin farko Guntu ya runtse ido biyu ya ja kunama. Bindigar ta ce fut, kamar an buɗe kwalbar lemo, allurar kuma ta je ta soki buhun dusa can gefe. Ya buɗe ido yana jiran ƙarar da ba ta zo ba.

"Shi ke nan?" ya ce. "Wannan ce bindigar?"

"Ita ce. Yanzu kuma ka gwada da ido a buɗe."

Da allura ta fara shiga cikin da'irar, sai da masu share kejin birai suka jiyo ihunsa. Dattijo da furfurarsa ya yi ta tsalle yana kiran kowa ya zo ya gani. An ce tsintacciyar mage ba ta mage, amma wannan gwanintar da Guntu ya tsinta da tsufansa ta zauna daram. Hannunsa ba ya rawa, numfashinsa a kwance, ga haƙurin mai kiwo. Daɗi ya kama shi har kunya ta biyo baya, don ya tuna wadda ake shirin harbi.

Sai aka zo kan babbar magana. Likita ta ja katifar ta kai ta nesa, ta ce ya harba. Ya ɗora gicciye a tsakiyar da'ira kamar ɗazu, allurar ta faɗi ƙasa tun kafin ta isa.

"Ka gani?" ta ce. "Idonka miƙe yake tafiya. Allura kuwa nauyi gare ta, tashi take ta lanƙwaso, kamar ka watsa ruwa daga kwano. Wuri ɗaya tak hanyar idonka da hanyarta ke haɗuwa, kuma mu ne za mu zaɓi wurin. Shi ne saiti. In muka saita a nesa, sai mun ƙara iska, ka ga in ta matso kusa ka harba, allurar za ta hau sama, kuma da ƙarfin da zai yaga nama. In muka saita a kusa ta tsaya a nesa, allurar za ta sauka a ƙashin ƙafa ko a ƙasa."

"To in na ga inda ta tsaya, ba sai in murɗa abin ba?"

"Ta tsaya tana kallonka kana murɗe-murɗe? Kuma harbi ɗaya gare mu, Baba. In maganin ya shiga rabi, ba za ta kwanta ba, haukacewa za ta yi ta yi ta gudu a kan ƙafar nan har ta karye. Ni dai na ce mita arba'in. Babu dabbar da ke son ganin dogon abu a kafaɗar mutum. Tana hango bindigar za ta ja da baya."

"Sha biyar," in ji Guntu.

"Kai da ka fara harbi yau?"

"Harbin ne na fara yau. Ita kuwa tun tana shan kwalba nake tare da ita. In na tsaya a gindin turken ƙofa da bokiti, sai ta taho, ta tsaya a kwamin ruwa, ta juya gefe ta kalle ni da ido ɗaya kafin ta ƙaraso. Kullum haka take yi. Nan ne za ta ba ni cinyar."

Likita ta auna maganar. Ta ce in har zai iya saba mata da bindigar, ta yarda, amma ƙafar ba za ta jira su da yawa ba.

Nan Guntu ya shiga aikin da bai taɓa yi da irin wannan zumuɗi ba. Ya fara da sandar tsintsiya a kafaɗa, bokitin karas a hannu. Rangaji ta yi turus, ta kaɗa kunne, yunwa da sabo suka rinjaye ta. Daga sanda ya koma guntun famfo, daga famfo ya koma bindigar kanta babu allura. Yana ɗagawa yana saukewa, yana yi mata surutunsa na kullum, har ta kai ga ta miƙo dogon harshenta ta lashi bakin bindigar ta ga ba a ci, ta rabu da ita. A gida kuwa Maman 'yan biyu ta shiga uku. Ya ɗauke mata sandar goge daɓe, ya durƙusa a bayan teburin guga yana auna wandunan mutane da ke rataye a igiya, yana cewa fut da bakinsa. Wani mai kawo wanki ya leƙo ya ga ana auna shi, ya koma da kayansa.

"Sojan karas," ta ce, "ka kore min mutane. Tashi ka ci abinci kafin ka ci yaƙin."

Likita ta laɓe a saman sito da madubinta ta ga komai da idonta: tahowar, tsayawar a kwami, juyawar. Ta sauko tana murmushi ta ce ya yi gaskiya. Suka auna daga turke zuwa kwami da igiya, suka kai igiyar bayan sito, suka ajiye katifa daidai tsawonta. Ta rage iska, ta yi ta murɗa 'yar ƙusar saitin, ƙas, ƙas, yana harbawa tana gyarawa, har allurai suka riƙa cunkushewa a tsakiyar gawayin. Sannan ta manne ƙusar da filasta don kada wani mai ƙaiƙayin hannu ya taɓa. Aka sa rana washegari da safe, kafin rana ta yi zafi. Manaja ma ya aiko cewa zai zo ya gani.

Wannan labarin zuwan manaja shi ya jawo komai. Guntu ya faɗa a gida da alfahari, Maman 'yan biyu kuwa ta ji abin da take jira shekara da shekaru. Da safe ya fito ya miƙa hannu ƙusa, ya tarar babu komai. Ga kwat can a kan kujera, an wanke, an ɗinke aljihun da ya ɓarke, an goge ta har kafaɗunta sun miƙe, tana ƙamshin sabulu mai lemun tsami. Ashe ma ba ruwan ƙasa ba ce, koriya ce.

Ya buɗe baki zai yi faɗa. Sai ta saka masa ita ta juya shi gaban madubi, ta ce, "Kalli nan tukuna. Mutum zai riƙe bindiga gaban manya, ya je kamar wanda aka tono?"

Ya kalla. Wallahi ya yi kyau. Ya ga wani hafsa a madubin, gajere dai, amma hafsa. Faɗan ya narke, har ya ɗan gyara wuyan kwat ɗin. Mutumin da ya kwashe kwanaki yana lissafin abin da idon Rangaji zai gani, ko sau ɗaya bai tuna da hancinta ba, kuma wannan wautar tasa ce shi kaɗai.

A filin an gama shiri. Likita da manaja da ƙartin ma'aikata sun laɓe bayan motar ciyawa, da igiyoyi, da bargo, da tsanin da aka naɗe da katifa don tallafe wuyanta in ta kwanta. Likita ta ɗura maganin gaske, ta miƙa masa bindigar, ta ce a hankali, "Kwami, Baba. In ba kwami ba, kada ka harba." Ya shiga shi kaɗai, ya tsaya a gindin turke ya kaɗa bokiti.

Rangaji ta fito daga bishiyoyi tana jan ƙafa. Ta taho, ta taho, daɗi ya fara cika shi. Sai ta tsaya cak a tsakiyar fili, nesa da kwami sosai. Ta ɗaga hanci, ta buɗe shi, ta tsuke. Kunnuwanta suka miƙe. Ya sake kaɗa bokitin ya kira ta, ta yi taku ɗaya da baya.

Ya ɗaga bindigar ya leƙa madubi. Ga cinyar can, ƙarama, ga kumburin ya ƙaru fiye da jiya. Wata zuciyar ta ce masa ai ya iya, ya ɗan ɗaga gicciyen sama da bayanta ya saki, allurar za ta lanƙwaso ta sauka daidai, ga manaja na kallo. Yatsansa har ya taɓa kunama. Amma bai san nawa zai ɗaga ba, kuma iskar da ke cikin bindigar ta mita sha biyar ce. Ya sauke ta. Daidai nan iska ta kaɗo ta bayansa, ya ji ƙamshin lemun tsami ya wuce shi ya nufi wajenta.

"Kai, Guntu," ya ce da kansa, "amma kai sakarai ne."

Abin da ya biyo baya, waɗanda ke bayan mota har yau ba su gaji da ba da labarinsa ba. Ya jingina bindigar da turke a hankali. Ya tuɓe kwat ya wurga ta bayan shinge. Ya shinshina rigarsa, ita ma ta sha sabulu, ya tuɓe ta. Ya rage daga shi sai singileti da tumbinsa. Ya taka zuwa tarin ciyawar da aka kwashe daga makwancinta, mai haɗe da kashi da fitsari, ya ɗebo da hannu biyu ya goga a ƙirji, a wuya, a hammata, har cikin furfura. An ce manaja ya kama hannun Likita ya tambaye ta ko dattijon ya taɓu, ita kuwa ta cusa gefen mayafinta a baki don kada dariya ta tona su.

Ya koma gindin turke, ya ɗauki bokiti, ya rataya bindiga. "Zo, 'yar Baba," ya ce, da muryar da yake kiranta tun tana kan kwalba. "Ni ne. Wancan ɗan gayun ya tafi. Zo ki ci karas ɗinki."

Ta tsaya tana shinshina iska, har ya fara cire rai. Sai kunnuwan suka kwanta. Ta ɗaga ƙafar mai ciwo ta taho, tana ɗingishi tana rangaji, kowane taku yana jin sa a nasa ƙashin. Ta iso kwami. Ta tsaya. Ta juya gefe ta kalle shi da ido ɗaya, kamar kullum.

Murna ta so ta fasa masa ƙirji, sai kuma tausayinta ya kama shi. Da ciwon nan ta tako fili guda, don ta tabbata shi ne. Ya ɗora gicciye a tsakiyar cinyar, ya ce, "Ki yafe ni," ya ja kunama.

Fut. Jan gashin da ke gindin allurar ya bayyana daidai inda ya auna.

Ta zabura ta yi gefe, ta waiwayo ta dube shi da ido biyu. Bai iya jure kallon ba. Can maganin ya fara aiki, ta riƙa ɗaga ƙafafu sama-sama kamar mai taka ruwa, sai Likita ta daka tsawa, ƙarti suka fito a guje da igiyoyi. Wuri ya kaure. Wannan na ja, wancan na ihu a saki, manaja da takalminsa mai ƙyalli ya tsinci kansa riƙe da ƙarshen igiya. Suka kwantar da ita a hankali, aka tura tsani ƙarƙashin wuyan, Guntu ya rufe mata ido da bargo ya rungume kan a ƙirjinsa yana ta yi mata magana. Likita ta durƙusa da filaya, hannunta kamar walƙiya. Ta datse wayar, ta zaro ta da jini da ruɓa, ta wanke, ta zuba magani, ta naɗe, ta soka allurar farkawa.

"Kowa ya gudu!"

Suka watse. Rangaji ta wurga wuya gaba, ta wurga baya, ta yunƙura ta miƙe tsaye a kan ƙafa huɗu. Ihu ya tashi har zakin da ke can ƙarshen gida ya amsa. Aka ɗaga Guntu sama, aka yi saurin sauke shi saboda wari. Likita ce kaɗai ta rungume shi a haka, sannan ta ce masa a kunne, "Ba za ta manta ba, Baba. Ka shirya."

Ya ce ya sani, amma bai sani ba. Kwanakin jinya a keɓe aka ajiye ta, wani ke zuba mata abinci ta saman katanga. Ranar da aka cire bandeji aka sake ta fili, Guntu ya yanka karas mafi kyau, ya shiga da bokiti, babu komai a kafaɗarsa. Tana tsaye a kwami tana shan ruwa. Ya kaɗa bokitin ya ce, "'Yar Baba."

Ta ɗago ta gan shi. Ba ta shinshina ba, ba ta yi shakka ba, ta gane shi sarai. Ta juya ta zuba a guje, gudun da bai taɓa ganin ta yi ba, dogayen ƙafafun nan na haɗuwa suna warewa, ta baya mai ciwon na dukan ƙasa da ƙarfi daidai da sauran, har ta ƙule cikin bishiyoyi.

Ya tsaya da bokiti a hannu, idonsa ya cika. Ciwon abin ya shige shi sosai. Sai kuma ya juya wajen sito ya ɗaga murya iya ƙarfinsa.

"Likita! Ku fito ku gani! Ku dubi ƙafar! Wallahi ko ɗingishi babu! Kun ga gudu?"

Yana ihu yana dariya, hawaye na bin furfurar gemunsa. Da ya gama, ya ajiye mata bokitin a kwami, ya fita ya ja ƙofar, ya koma inda ba za ta hango shi ba don ta samu ta ci.